Gashi a asibiti ko ruwan zafi da haɗin kemis? Amsa ga mai ciwon baya da ɗigar fitsari bayan haihuwa

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya mana jariri. Kin ce wata biyar ke nan da haihuwarki ta huɗu, kin gama wanka tuni, amma baya da ƙugu sun ƙi lafawa, kuma in kika yi tari ko atishawa ko kika sunkuci bokitin ruwa sai fitsari ya ɗigo. Inna ta ce a koma ruwan zafi da kunun kanwa a kira wanzami ya yi ƙaho, mai kemis ya ƙulla miki haɗi, maƙwabciya kuma ta ce ki tafi asibitin koyarwa na Shika, a nan Zariya, a yi miki gashi. Wanne za ki bi?

Matsala biyu kika kawo, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. Bari mu fara da fitsarin, don shi ne mata suka fi ɓoyewa.

Ki lura da yadda yake zuwa. Idan sai kin yi tari, dariya, tsalle ko ɗaukar nauyi yake ɗigowa, sauran lokaci kuma kina riƙe shi lafiya, to tsokar ƙasan mara ce ta yi rauni. Idan kuwa yana zuba dare da rana babu tsayawa, ko kina kwance ko kina zaune, musamman bayan doguwar naƙuda ko tiyata, wannan yoyon fitsari ne, ƙofa ce ta huje tsakanin mafitsara da gaba. Wannan ba gashi, ba ƙaho, ba ƙwaya, aiki ake yi a ɗinke, kuma akwai sashensa a asibitin Hajiya Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan. Yadda kika bayyana naki, na farkon ne.

Ita wannan tsoka shimfiɗe take daga ƙashin gaba zuwa ƙarshen ƙashin baya, tana tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura, kamar yadda majanyi yake tallafe goyo. Ciki huɗu da naƙuda huɗu sun ja ta, ta saki. To ki ɗora kowace shawara a kan wannan ki gani. Ruwan zafi yana sassauta jiki, yana sa barci, amma ba ya ƙara wa tsoka ƙarfi. Ƙaho a fatar baya yake tsayawa. Ƙwayar kemis tana kashe jin zafi, babu ruwanta da mafitsara. Ƙulle-ƙullen matsi da ake cusawa, waɗanda na san za a kawo miki tallarsu da zarar an ji labarin, busar da fatar ciki suke yi har ki ji kamar an tsuke, wasu kuma, irin masu kanwa ko gishiri, suna ƙona wurin su bar tabon da zai dame ki wajen kwanciyar aure da haihuwa ta gaba. A wannan ɓangaren babu ma abin kwatantawa. Horar da tsokar kaɗai ne yake taɓa tushen matsalar.

Wani likitan mata a Amurka, Arnold Kegel, shi ya yaɗa wannan atisaye a 1948, har yau da sunansa ake kiran sa. Ƙa'idar da likitocin Ingila suke bi ita ce a fara da shi kafin a yi maganar tiyata: aƙalla wata 3, matsa 8 ko fiye, sau 3 a rana, ƙarƙashin kulawar wanda ya san aikin. Ga yadda ake yi. Ki kwanta rigingine ki tanƙwashe gwiwoyi, tafin ƙafa a ƙasa. Ki yi kamar iska za ta fita a cikin taro kina riƙe ta, ki haɗa da riƙe fitsari, ki ja sama zuwa ciki. Duwawu da cinyoyi su zauna lakwas, numfashi kuma ya ci gaba. Ki ƙirga uku ki saki, ki huta kamar hakan, ki sake. Sannu a hankali ki kai ƙirga goma, sannan ki biyo da 'yan matsa masu sauri. Ki ɗaura shi da salla don kada ki manta, bayan asuba, bayan la'asar, bayan isha'i. Da kin iya a kwance sai ki koma yi a zaune kina shayarwa, sai a tsaye a bakin murhu. Kuma duk lokacin da kika ji tari ko atishawa na zuwa, ko za ki ɗaga yaro, ki riga shi matsewa.

Za ki ce to ai ga shi na koya miki, me ya rage na zuwa asibiti? Abin da ya rage shi ne mata da yawa nishi suke yi ƙasa suna zaton matsewa suke, su shafe watanni suna ƙara wa kansu wahala. Wasu kuma tsokarsu ba ta saki ba, ƙanƙamewa ta yi, su ne masu jin zafi wajen saduwa, kuma su sassautawa za a koya musu. Ma'aikaciyar fisiyo, wato mai aikin gashi a asibiti, ita ce za ta duba ta faɗa miki inda kike. Ki nemi mace ta gan ki, haƙƙinki ne, kuma ba a duba ciki sai da yardarki. Kada ki mayar da tsayar da fitsari ana tsakiyar yi ya zama atisayenki na kullum, yana hana mafitsara juyewa duka. Kada kuma ki rage shan ruwa don tsoron ɗiga. Shayin ne za ki rage, ki kuma nemi maganin taurin bayan gida da tarin hunturu, don kowane yunƙuri a kan tsokar yake sauka. Maganar alwala da na san tana cin ranki, ki tambayi malamar islamiyyarku hukuncin salasul bauli, akwai sauƙi a cikinsa.

Ciwon bayan shi ne inda Inna take da gaskiya a wani wurin. Ɗumi yana rage ciwo, tausa ma haka, a asibitin ma za ki ga fitilar ɗumi da na'urar da ake manna wa fata tana ɗan tsirawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2023 kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, ta amince da tausa da motsa jiki da wayar da kan mai ciwo, ta kuma ce kada a riƙa dogara da bel ɗin ɗaure ƙugu, da na'urar jan baya, da magunguna masu sa maye dangin tramadol. Ita ce ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne suke fama da ciwon ƙasan baya a duniya, kada ki ɗauka jifa ne ko sammu. Bambancin shi ne a gida ɗumin shi ne maganin gaba ɗaya, an yi an gama, gobe ciwo ya dawo. A wurin mai fisiyo na ƙwarai ɗumin share fage ne don ki iya motsawa. Za ta sa ki duƙa ki miƙe tana kallo, ta kwantar da ke ta ce ki ɗago kai, ta sa yatsu a saman cibiya ta ji ko tsokar ciki ta rabu tun lokacin goyon ciki. Sai ta ba ki aikin gida: manna gadon baya da tabarma ki saki, ɗaga ƙugu sama kina kwance, jawo gwiwa zuwa ƙirji. Za ta tambayi tsawon tsintsiyarki, da yadda kike wanki a duƙe da baho a ƙasa, da yadda kike ranƙwafawa kan jariri wajen ba da nono maimakon ki ɗago shi da matashi. In kika je sau da yawa fitila kawai ake haska miki ba a ba ki abin yi a gida ba, ki buɗe baki ki tambaya.

Amma komawa ruwan zafi mai tsanani da kunun kanwa a wata na biyar, wannan ban goyi baya ba, kuma dalilina daga garin nan ya fito. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun bi diddigin matan Zariya da zuciyarsu take gazawa bayan haihuwa, suka danganta yawan abin da kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta a ƙasa. Kanwa gishiri ce mai ƙarfi, tana sa jiki ya tara ruwa, zafi kuma yana ƙara wa zuciya aiki. Binciken da aka yi a Kano daga baya ya ƙaro wasu dalilan, kamar ƙarancin sinadarin seleniyam a jiki, to amma mai hawan jini ba ta da abin nema a tukunyar kanwa. Mai jego da ƙafarta ta kumbura, tana haki, ba ta iya kwanciya sai da tulin matashi, asibiti za a kai ta a ranar.

Ƙaho ba na musun sa, ya zo a hadisi, kuma wasu suna jin sauƙi na ɗan lokaci. Sharaɗina sabuwar reza da aka ɓare a gabanki, saboda ciwon hanta da ƙanjamau ta jini suke bi. Mace mai shayarwa da ba ta gama mayar da jinin haihuwa ba, gara a auna jininta tukuna.

Haɗin kemis shi ya fi komai arha a yau, shi ya fi saurin aiki, shi ne kuma na fi tsoro. Ƙwayoyi ne a leda babu kwali babu suna. Diclofenac da ibuprofen da piroxicam dangi ɗaya ne, haɗa biyu a ciki ba ya ninka sauƙi, gyambon ciki da ciwon ƙoda da hawan jini yake matso da su. Tramadol yana bi ta nono ya isa ga jariri, ga shi da kama mutum. Paracetamol, ko ibuprofen shi kaɗai bayan an ci abinci, na 'yan kwanaki, ga wadda ba ta da olsa ko ciwon ƙoda, wannan ana ba masu shayarwa. Amfaninsa ya ba ki damar tashi ki motsa, ba ya zama abokin shayin safe ba.

Ta fuskar wahala kuwa, gida ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Shika da nisa ga wadda take cikin birni ko Tudun Wada: ki fito Kwangila, ki wuce Samaru, ga kuɗin mota, ga yankar kati, ga ganin likita kafin a tura ki sashen gashi, ga neman izinin maigida da wanda zai zauna da yara. Sai dai irin matsalarki ba ta bukatar zuwa kullum kamar ta mai shanyewar ɓarin jiki. A duba ki, a koya miki, ki dawo a gyara, sauran duk a ɗakinki ne. In wurin kuɗi za ki je a Sabon Gari ko GRA, ki tabbatar mai aikin yana da rajista da hukumar MRTB mai ba masu aikin gashi lasisi, don ba duk mai na'urar tausa ne likitan fisiyo ba. Ki haɗa da tafiyar ƙafa. Minti 150 a mako ake so ga masu ciki da masu jego, wato rabin awa sau biyar, ko zagayen tsakar gida ne da sauri-sauri. Doguwar kwanciya ƙara ciwon baya take.

Akwai alamun da ba a jira da su: dindirisin tsakanin cinyoyi da wajen zama, ƙafa ta fara ja ko ta mutu, fitsari ya ƙi fita ko bayan gida ya zubo ba ki sani ba, zazzaɓi da rama tare da ciwon da ke hana barci, wanda kan iya zama tarin fuka a ƙashin baya. Idan kuma kina jin nauyi a gaba kamar wani abu yana saukowa, likitan mata za ki fara gani. Zazzagowar mahaifa in tana farko atisayen nan yana taimakawa, in ta yi nisa akwai zoben roba da ake sawa ko a yi aiki.

Inna kuma kada ki yi musu da ita. Ki karɓi tausa da ruwan ɗumi a tawul, ki ce likita ya hana kanwa, ki roƙe ta ta riƙe miki yaran ranar zuwa asibiti. Ki ba atisayen wata ukunsa cur, kada ki yanke hukunci a mako biyu. In sun cika ɗigar ba ta ragu ba, ki koma a tura ki wurin likitan mata ya sake dubawa.