Peak District ko New Forest: ina za a kai Hajiya da yara?

Ɗan'uwanmu da ke Birmingham ya kawo tambaya. Mahaifiyarsa ta zo ziyara daga gida, yara suna hutun Agusta, shi kuma ya ga hotunan tuddai sun lulluɓe da fure mai launin shunayya, yana so ya kai iyali su sha iska. An ba shi sunayen wuraren shan iska biyu a Ingila, Peak District da New Forest, ya rasa na ɗauka.

Malam, tunda da Hajiya da ƙananan yara za a tafi, ni dai New Forest nake ba ka shawara, ko da yake ta fi maka nisa. A hoto wuraren biyu kamar Hassan da Hussaini suke, domin gajeriyar shukar nan da ake kira heda ce ke fure a duka biyun, daga Agusta zuwa farkon Satumba. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin furen ba ɗaya ba ce, kuma ita ce ƙafa za ta taka.

A arewacin Peak District, tsakanin Manchester da Sheffield, furen yana kan tsauni ne. Mafi tsayi shi ne Kinder Scout, mita 636. Wanda ya saba da tsaunukan Jos ko Mambila zai raina wannan adadi, kuma da yawa rainin ne ke jefa su cikin wahala. Saman Kinder shimfiɗaɗɗen fili ne, babu bishiya, babu abin da ido zai riƙe ya gane hanya. Ƙasar baƙa ce, ruɓaɓɓun tsirrai ne da suka taru cikin dubban shekaru, abin da ke ƙaruwa a shekara bai wuce milimita guda ba, kuma tana riƙe ruwa kamar ba za ta saki ba. Sai ka ga wuri ya yi kore shar, ka taka, ka nutse har gwiwa, ka zaro ƙafa takalmi ya zauna a ciki. Ruwa ya yanka kwazazzabai a cikinta, wasu sun fi tsayin mutum, duk kamarsu ɗaya. Idan hazo ya sauko, kuma yakan sauko ko a tsakiyar Agusta, wanda ke gabanka da taku goma sai ya ɓace. Akwai wani mafaɗar ruwa a gefen tsaunin, Kinder Downfall, wanda in iska ta yi ƙarfi take mayar da ruwansa sama. Daga nan ka auna irin iskar wurin.

New Forest kuwa tana can kudu, a yankin Hampshire kusa da Southampton, kuma kusan duk shimfiɗe take. Tudunta mafi tsayi bai kai mita 150 ba. Ƙasar yashi ce da tsakuwa, filayen heda sun cakuɗu da dazuzzukan manyan itatuwa, saboda haka in rana ta yi zafi ko ruwa ya sauko akwai mafaka. Akwai fadamu masu laka a can ma, amma hanyoyin tsakuwa sun kewaye su, keken jariri yana bi, akwai kuma sama da mil 100 na hanyar keke. Hajiya za ta iya yin tafiyar minti ashirin, ta zauna a tabarma, ta ga duk abin da aka zo gani.

Abin da zai fi burge ta, in ba ta bambanta da sauran iyayenmu ba, dabbobi ne. Ƙananan dawakai kusan 5,000 ne ke yawo sake a wurin, ga shanu, ga jakuna. A ƙauyen Brockenhurst za ka ga doki ya tsaya a tsakiyar titi, motoci sun yi layi suna jiransa, ba mai danna hon. Baƙo yakan ɗauka na daji ne. A'a, kamar awakin unguwa suke, kowanne da mai shi. Wasu gidaje da gonaki na yankin suna da daɗaɗɗen haƙƙin sakin dabba ta yi kiwo a filin, haƙƙin yana bin ƙasar ne, ba mutum ba. Akwai kotu ta musamman a garin Lyndhurst mai kula da wannan al'amari, da ma'aikata masu zagayawa suna duba lafiyar dabbobin. Daga wajen Agusta zuwa kaka sukan kora dawakan su tara su, a duba su, a yanke gashin wutsiya da wani salo da ke nuna an biya kuɗin kiwon shekara. Ka sa yara su duba wutsiyoyin, za su ga yankan. Kuma bakin dabbobin nan ne ya riƙe filin: da za a kwashe su, cikin shekaru kaɗan itatuwa za su cinye hedar. Ingila ta riga ta rasa mafi yawan irin wannan fili tun daga 1800, abin da ya rage a New Forest yana cikin mafi girma.

Sarki William, wanda ya ci Ingila da yaƙi, shi ya keɓe wurin don farautarsa wajen 1079, kuma a nan kibiya ta kashe ɗansa, William na biyu, a 1100. Sai a 2005 aka mai da shi gandun ƙasa, wato yankin da doka ta kare saboda kyawunsa da shaƙatawar jama'a.

Labarin Peak District ya fi taɓa ni. A da tsaunukan na attajirai ne masu harbin wani tsuntsu dangin makwarwa, lokacin harbin yana buɗewa 12 ga Agusta kowace shekara har yau. Leburorin masana'antun Manchester suna hango tuddan daga unguwanninsu masu hayaƙi, amma masu gadi da sanduna ba sa barin su hawa. Ranar 24 ga Afrilu 1932 mutum kusan 400 suka hau Kinder Scout da gangan, wani saurayi ɗan shekara 20, Benny Rothman, yana gaba. Aka yi dambe da masu gadi, aka ɗaure mutum biyar. Ɗaurin ya tayar da ƙura, a 1949 aka yi dokar gandayen ƙasa, a 1951 Peak District ta zama ta farko a Birtaniya. Cikakken izinin ratsa irin waɗannan filaye bai samu ba sai da dokar shekarar 2000. Hayaƙin masana'antun nan kuwa yana cikin manyan abubuwan da suka kashe tsirran saman Kinder, ƙasa ta zauna tsirara ruwa yana kwashe ta. Tun 2003 wata ƙungiya mai suna Moors for the Future ke toshe kwazazzaban tana sake dasa gansakuka. In ka ga an shimfiɗa faffaɗan duwatsu a hanya, ka bi kansu, don kada ƙafa ta farke abin da ake ɗinkewa aka sa su.

Shiga duka biyun kyauta ne, babu ƙofa, babu tikiti. Jirgin ƙasa tsakanin Manchester da Sheffield yana tsayawa a Edale, gindin Kinder, inda doguwar hanyar Pennine Way mai mil 268 ta fara. Brockenhurst kuma tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce daga tashar Waterloo ta Landan. Daga Birmingham da mota, Peak ta fi kusa.

Yanzu ga inda mutanenmu ke shiga uku: gashin nama. Mu in an ce fita shan iska, sai an sa gawayi da nama a but ɗin mota. Ka bar su a gida. Tun Yulin 2023 hura wuta ko gasa nama a filayen New Forest laifi ne, haka ba dawakai da jakuna abinci ko shafa su. Tarar nan take fam 100 ce, in aka je kotu tana iya kaiwa fam 1,000. Wannan sai ka ja wa yara kunne tun a mota, domin jakin wurin da kansa yake zuwa ya tura kai cikin jaka, kuma dokin da ya saba da hannun mutane shi ke cizo, shi ke tsayawa bakin titi mota ta buge shi. A Peak ma wuta haramun ce, dalilin ya ma fi tsanani: baƙar ƙasar nan in ta bushe tana ci da wuta ta ƙarƙashi. Gobarar Saddleworth Moor, a arewacin Peak, ta Yunin 2018 ta yi makonni, sai da aka kira sojoji. A dafa shinkafa da kaza a gida, a zuba a kula. Naman halal ba ya samuwa cikin sauƙi a waɗannan ƙauyuka, ruwan alwala ma ku riƙo abinku.

Karnuka suna da yawa a duka biyun, wasu sake, gara Hajiya ta sani tun kafin wani ya zo yana shinshina mata zane. Aladu ma ana sakin su a New Forest, su cinye 'ya'yan itacen oak da ke yi wa dawakai guba, amma sai kaka, wajen Satumba, a Agusta da wuya ku haɗu. Kaska ce abin tsoro na gaske: ƙanana ne ƙwarai, suna ɗauke da cutar Lyme. A sa dogon wando a cusa cikin safa, da dare a duba bayan gwiwa da bayan kunnen yara. Akwai nau'in maciji mai dafi guda ɗaya, gudun mutum yake yi in ba a taka shi ba. Yautai ma yana nan, daga Afirka yake zuwa a watan Mayu ya yi ƙwai a ƙasa cikin heda, shi ya sa ake roƙon mutane su tsaya kan hanya. A ƙarshen Agusta ya fara haramar komawa, ba lallai ku ji kukansa ba.

In tafiyar kudu ta yi maka tsawo, ka je Peak amma ka bar Kinder. Gefen gabas, wajen Hathersage da Longshaw da dutsen Stanage Edge, ya ma fi saman Kinder fure, kuma akwai inda za ka ajiye mota ka taka kaɗan ka tsinci kanka a tsakiyarsa. Mam Tor, mita 517, yana da matakalar dutse har sama, yara 'yan firamare suna hawa, ko da yake gwiwar Hajiya ita za ta yanke hukunci.

Kinder ka ajiye shi sai ranar da kai da abokai ne. Zagayen daga Edale ta hanyar Jacob's Ladder yana cin awa biyar ko fiye. Takalmin but mai hana ruwa, rigar ruwa, rigar sanyi ko da gari ya waye da rana, da taswirar takarda mai lamba OL1, domin sabis ɗin waya yana ɗaukewa. In wani ya ji rauni ko kun ɓata, a kira 999, a nemi 'yan sanda, a ce musu ana buƙatar masu ceto na tsauni.