Injiniyan Gini ko Injiniyan Lantarki?

A shekarar farko a jami'a kusan aji ɗaya suke zama: lissafi, fiziks, zane. Daga baya ne hanya ke rabuwa.

Mai karatun gini da abin da ido ke gani yake mu'amala. Zai koyi yadda ƙasa ke ɗaukar nauyi, da dalilin saka rodi a cikin kankare: kankare na jure danni, amma ja na tsaga shi, rodin ne ke tare wannan ɓarakar. A ɗakin gwaji zai zuba kankare a ƙananan mazubai, ya jira kwana 28, sannan inji ya matse shi har ya fashe, a nan ake sanin ƙarfinsa. Bayan digiri yawancin aikinsa a fili ne, da hular kwano, cikin rana da ƙura, duk inda kwangila ta nufa can zai bi. Wanda zaman ofis ke gundura, nan ne wurinsa. Kuskurensa kuwa ba ya ɓuya, tunda gada ce ko bene.

Na lantarki, abin da yake karantawa ba a ganinsa, sai dai a auna. Shi ya sa lissafinsa ya fi cin rai a ganina, musamman in aka shiga darasin maganaɗisu da sigina. Amma ƙofofinsa sun fi yawa: tashar samar da wuta, sadarwa, sola, na'urorin asibiti, wasu ma su ɓuge da rubuta manhaja. Sai dai ɓangaren na'urori na saurin canzawa, wanda ya daina karatu bayan ya karɓi takarda, yaran da ke bayansa za su wuce shi.