Robar sukwiji mai falle ɗaya ko mai falle uku: wacce ta fi hutar da hannu?

Ɗan'uwa, ka ce in ka yini kana buga riguna wuyan hannunka da kafaɗunka sukan riƙe, kana tambaya wacce za ka saya tsakanin robar sukwiji (abin da ake jan tawada da shi wajen bugu) mai falle ɗaya da mai falle uku.

Da lamba ake sanin taurin roba: 60 mai taushi ce, 70 matsakaiciya, 80 zuwa sama mai tauri. Mai falle ɗaya ta 70 ita ce a hannun kowa, ga araha, kuma tana zuba tawada daidai a yawancin aiki. Inda take gazawa shi ne kan tawadar plastisol mai kauri, musamman fara a kan baƙar riga. Kana dannawa robar tana lanƙwashewa, bakinta ya kwanta, ta koma shafa tawadar maimakon yanke ta. Kai kuma sai ka ƙara ƙarfi, ka ja sau biyu ko uku kafin raga, wato ƙyallen da tawada ke ratsawa zuwa kan riga, ta fita fes. Gajiyarka daga nan take fitowa.

Mai falle uku, wadda ake rubuta wa 70/90/70, tsakiyarta mai tauri ce, gefe da gefe masu taushi. Tsakiyar ke riƙe ta a miƙe, don haka da ɗan danni kaɗan bakin ke share raga, ƙananan rubutu ma su fito tsaf. Ta fi tsada kam. Amma in kana karɓar rigunan makaranta ko na kamfen ɗaruruwa, ita nake ba ka shawara ba tare da wata-wata ba. In aikinka jefi-jefi ne, riƙe ta 70 ɗinka.

Kafin ka kashe kuɗi dai, shafa bakin wadda kake da ita. In ya dakushe, shimfiɗa samfefa a kan katako mai santsi ka wasa shi a miƙe. Kada ka bar ta jiƙe cikin tina ko kananzir, kumbura take yi. Faɗinta kuma ya ɗara zanen da kamar inci ɗaya ta kowane gefe, fiye da haka ƙarin nauyi ne kawai. Raga in ta saki, babu robar da za ta cece ka, sai an sake ɗaure ta.

Da hunturu plastisol kan ƙara kauri, ka dama shi sosai kafin ka fara. Ka gwada turawa gaba maimakon jawowa, saboda nauyin jikinka ne zai yi aikin, wuyan hannu ya huta.