Ranar da na ga katafila tana jiran alƙali a Landan

Bara ƙaramar hukumar unguwarmu a kudancin Landan ta amince a rushe layin shagunan da nake sayen garin tuwo da manja, a gina dogayen benaye. Ni tuni na saduda. Wata dattijuwa 'yar Ghana mai shagon atamfa, da muke kira Anti, ita ta ce a je kotu. Wallahi tausayinta na ji. Talaka ya kai hukuma ƙara?

Ashe doka ta ba da mako 6 a ƙalubalanci irin wannan shawara a Babbar Kotu, kuma tun 2014 akwai sashe na musamman na shari'un tsara gine-gine. Idan ƙarar ta shafi muhalli, ko ka faɗi, abin da za ka biya hukuma na kuɗin shari'a yawanci ba ya wuce fam 5,000. Kuɗin lauyanka dai na wuyanka, kuma lauyan Ingila tsada kamar me! Karo-karo muka yi, har kwano aka zagaya da shi bayan Juma'a.

Na je zaman kotun a titin Strand. Lauyan hukuma, da hularsa ta gashin doki, yana ta laluben takardu don alƙali ya tambaye shi yaushe aka ji ta bakin masu shaguna. Anti na zaune da jakarta a cinya. Watanni tara aka yi, ko bulo ɗaya ba a taɓa ba. Hawaye suka zo mini.

Abin haushin, alƙali ba ya duba ko aikin alheri ne ko cuta, ƙa'ida kawai yake dubawa. Ya soke amincewar, amma hukuma na iya gyara kuskurenta ta dawo. 'Yan kasuwar Elephant and Castle da ke nan kudancin Landan ma an je kotu dominsu, aka faɗi, kasuwar ta rufe a 2020.

Duk da haka, a gida fa? Jan fenti da yamma, katafila da asuba. Masu shagunan filin Idi na Kano sun samu hukuncin diyyar naira biliyan 30 a 2023, amma bayan shagunan sun zama ƙasa. Mu ma da laifinmu: mu sayi fili ba takarda, sanarwa ta fito ba mai karantawa. Da aka shafa wa shagon ƙanena fenti, na ce ya tara maƙwabta su ga lauya, zan turo kuɗin. Cewa ya yi: "Yaya, a bar wa Allah." Har yau ban huce ba.