Faifan DVD na wata ƙasa: abin da ya kamata a saya da abin da ya kamata a gudu

Duk wanda ya taɓa sa faifan DVD da aka buga a wata ƙasa na'ura ta ƙi karɓa, ya kamata ya sani cewa matsaloli biyu ne ke gabansa, kuma masu sayar da kaya sukan cakuɗa su da gangan. Ta farko lambar yanki ce, wadda ke kulle na'ura ta ƙi faifan wani yanki, domin kamfanonin fina-finai sun kasa duniya gida shida: Amurka da Kanada suna yanki na 1, Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya suna na 2, mafi yawan Afirka da Indiya da Rasha suna na 5, Sin kuwa ita kaɗai ke na 6. Ta biyu tsarin hoton ne kansa, wanda ya kasu biyu, NTSC da PAL. NTSC yana da layuka 480 da hotuna 29.97 a kowace daƙiƙa, PAL kuma layuka 576 da hotuna 25. Japan da Ingila yankinsu ɗaya, amma Japan tana kan NTSC, Ingila tana kan PAL, don haka buɗe kullen yanki kaɗai ba ya raba mutum da damuwa.

Abin da na fi aminta da shi shi ne na'urar kunna faifai wadda ba ta da kullen yanki, kuma tana juya tsarin hoto a cikinta kafin ta miƙa wa talabijin. Da ita faifan yana nan yadda aka buga shi, ba a taɓa shi ba, jerin zaɓuɓɓukansa da fassarar da ke fita a ƙasan hoto da harsunan sauti duk suna aiki. Sau ɗaya ake kashe kuɗi, ko faifan ɗaya ne ko ɗari biyu. Idan tana da mahaɗin HDMI ya fi kyau, musamman ga mai talabijin ƙirar kasuwar Amurka, domin da yawansu ba sa karɓar hoton PAL, alhali waɗanda ake sayarwa a Turai galibi suna karɓar duka biyun.

Sauran hanyoyin ba su kama ƙafarta ba. Akwatin juya hoto da ake jonawa tsakanin na'ura da talabijin ba ya buɗe kullen yanki ko kaɗan. Kwafe faifan a kwamfuta da manhaja irin su MakeMKV ko HandBrake yana yi wa mai haƙuri, sai dai dokar wasu ƙasashe ta hana karya kariyar faifai, kuma mazubin faifai na kwamfuta sau 5 kawai yake yarda a canza masa yanki, daga nan ya kafe a kan na ƙarshe.

Inda na ƙone shi ne wajen alkawarin da ake rubutawa a jikin kwali. Na taɓa sayen wata na'ura da mai ita ya rantse mini tana kunna faifan kowace ƙasa, kuma a zahiri bai yi ƙarya ba, domin ta karɓi faifan Amurka nan take. Sai dai hoton da ya fito fari da baƙi ne, yana ta gangarawa daga sama zuwa ƙasa, fuskar ɗan wasan ta rabu biyu, goshi a ƙasa haɓa a sama, yayin da sauti ke tafiya lafiya lau. Na'urar ta buɗe yanki, amma yadda hoton ya zo haka take tura shi. Wasu ma sun fi wannan wayo, suna fitar da abin da ake kira PAL-60, wato launin PAL a kan saurin NTSC, wanda tsohuwar talabijin ba lallai ta gane shi ba. Saboda haka kada a biya sai an shiga saitin na'urar an ga wurin zaɓar PAL ko NTSC, an ɗaure ta a kan tsarin talabijin ɗin gida, sannan an gwada faifan ɗaya tsarin na wasu mintuna, a lura da wurin da kyamara ke zagayawa, domin a nan juyi mara kyau ke tona kansa da tsalle-tsallen hoto.

Masu karɓar kuɗi su juya faifai zuwa wani faifai su ma sai an yi hattara da su. Faifan kamfani mai hawa biyu yana ɗaukar gigabait 8.5, su kuma sukan matse shi cikin faifan gigabait 4.7, sai hoto ya dusashe a wuraren duhu, fassara ta ɓace. Haka kuma idan aka miƙo sabon fim na babban kamfani da tambarin yanki na 0 a bayansa, wato marar kullen yanki, a juya faifan a duba cikinsa da kyau, domin yana iya zama na jabu. Wanda aka buga a masana'anta launin azurfa yake da shi, wanda aka ƙona a kwamfuta kuwa yakan yi launin shunayya, komai kyan kwalin da aka sa shi a ciki.