TPI ko OpenTherm: wacce ke rage yawan tashi da mutuwar boila?

Mazauna Ingila sun sha tambaya: boilar ɗumama gida tana tashi tana mutuwa duk bayan 'yan mintuna, wace na'urar daidaita zafi ta fi dacewa?

TPI da OpenTherm hanyoyi biyu ne da na'urar ke sarrafa boila da su. Mai TPI kunnawa da kashewa kawai ta iya. Da gangan take raba awa kashi 6 ga boilar gas, don haka tashi duk minti 10 ba lalacewa ba ne. A wasu na'urorin ana iya mayar da shi kashi 3 a saiti. Tana da arha, kusan kowace boila na karɓarta.

Mai OpenTherm rage wutar take yi. Da ɗaki ya kusa zafin da aka saita, misali digiri 20, sai ta sa boila ta sauke zafin ruwa, wuta ta ci gaba da ci a hankali. Ruwan da ke dawowa cikin boila ƙasa da digiri 55 kuwa yana rage cin gas a boilar zamani mai sake amfani da zafin tururi. Sai dai dole boilar ta karɓe ta. Boilar kamfanin Vaillant, misali, wani tsari nata daban mai suna eBUS take amfani da shi. Idan kuma boila ta fi ƙarfin gidan, ko OpenTherm ba za ta magance yawan tashi da mutuwar ba.

Ɗan haya ko mai tsohuwar boila, TPI ta ishe shi. Mai gidan kansa da sabuwar boila mai karɓar OpenTherm, ita ta fi masa.