Sashen hayar da na gina a bayan gida: ƙofa ta yi kyau, tanki ya tona ni

Mata da yawa sun tambaye ni wa ya zana mini ɗan sashen da na gina a bayan gidanmu, wasu har cewa suke in haɗa su da shi. Na daɗe ina jan ƙafa, don zuciyata biyu take a kansa. Yau dai bari in faɗi yadda muka yi da shi, kowacce ta auna da kanta.

Filinmu a Rijiyar Zaki yake, irin hamsin da ɗarin nan, kuma Allah Ya sa akwai lungu ta gefen arewa. Ginin da muke ciki bai cinye filin ba, an bar wajen ƙafa 25 a baya, sai ciyawa da tsofaffin bulo. Da na kwashi adashi na haɗa da ɗan gadon da na samu, sai na nemi izinin maigida in yi ciki da falo da kicin da banɗaki in sa haya, in babu ɗan haya kuma baƙinmu su riƙa sauka. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ko wane ne zai zauna a wurin, kada idonsa ya kai tsakar gida. Da sharaɗin nan na je wa mai zanen, wanda kowa ke kira Injiniya, na kuma nanata masa har sau uku.

Ranar da ya kawo zanen, wallahi har ƙwalla ta cika mini ido. Ya fitar wa sashen ƙofarsa ta lungu, ba ruwansa da get ɗinmu. Sannan ya yi wani ɗan soro a bakin shiga, ƙofar waje da ta ciki ba sa kallon juna, sai ka karya kwana. Nan take na tuna gidan kakarmu a Yakasai, inda baƙo zai wuni a soro bai ga ko inuwar matar gida ba. Tagogin da ke ɓangarenmu ya ɗaga su can sama dab da silin, ƙanana, da gilashin da haske ke ratsawa amma ido ba ya wucewa. Ta gabas kuwa ya ƙi sa babbar taga, ya ce daga can ruwan damina ke dukan gini a Kano. Shi ya bi mini takardun izinin gini a KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ya kuma dage sai an sa wa sashen mitarsa daban don kada a riƙa rigimar kuɗin wuta. Da siminti ya haura dubu goma a watan Fabrairun 2024 aikin ya tsaya cak, bai gudu ba, ya zo ya rage mana wasu abubuwa, bangon ciki ya koma bulo mai inci shida. A lokacin duk wadda ta tambaye ni yabonsa nake yi ba ƙaƙƙautawa.

Ɗan hayarmu na farko saurayi ne, ma'aikacin banki, yaro mai kunya da ladabi. Wata biyar yana wurin ban taɓa ganin fuskarsa sosai ba, sai dai in ji tashin babur ɗinsa da safe.

Wata Asabar cikin Afrilu, zafin nan da ko fanka ba ta yi wa komai, mai kitsona ta zo. Muka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida. Ɗaurin ƙirji ne a jikina, kaina a tsefe, rabi an kitse rabi a buɗe. Babbar 'yata tana bakin famfo tana wanki, ita ma daga ita sai 'yar shimi da zani. A gidana nake, bayan katanga mai ƙafa tara, wa zan ɓoye wa? Sai na ji ƙarar ƙarfe, ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar ana taka wani abu. Na ɗaga kai. Ga yaron nan a saman ƙarfen tanki, hannunsa ɗaya a kan murfi, ya tsaya sororo. Muka haɗa ido. Ruwa ne ya ɗauke masa, ya hau ya duba ko tankin ne ya ƙare.

"Innalillahi! Hajiya ki gafarce ni, wallahi ban sani ba!" Haka ya riƙa faɗa yana saukowa da baya, har ƙafarsa ta zame, na ji faɗuwarsa a ƙasa ta can ɓangaren. Mai kitso ta yaye mayafinta ta lulluɓa mini, yarinya ta bar wanki ta ruga ɗaki tana kuka. Ni kuwa na kasa tashi. Jikina rawa yake, kunnuwana sun yi zafi, kumfar wankin nan tana gangarowa ta ƙarƙashin tabarma ina kallonta. Shekarata goma sha bakwai da aure, ko ƙannen mijina ba su taɓa ganin gashin kaina ba.

Da maigida ya dawo na faɗa masa, bai yi faɗa ba. Ya daɗe shiru, sannan ya ce, "Maman yara, ai kin tuna abu ɗayan da na roƙe ki." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A daren na ciro zanen, don na so a ce laifin mai walda ne. Ba nasa ba ne. Ga shi nan ɓaro-ɓaro a takarda: ƙarfen tanki mai ƙafa 18, manne da katangar da ta raba mu, tsaninsa ta ɓangaren ɗan haya, kuma mai hawa fuskarsa tsakar gidana take kallo. Mutum ya auna tsayin taga da inci, amma ya dasa hasumiyar da ta ninka katanga biyu. Na kira Injiniya da safe, ya ce, "Hajiya ai ba kullum ake hawa tanki ba." Wannan maganar ita ce har yau ban yafe ba. Sau nawa ake so a gan ni kafin abin ya zama matsala? Muna yara a cikin gari, in za a hau soro yaɓe ko gyaran indararo, sai an aika yaro gidajen maƙwabta ya ce za a hau sama, mata su kimtsa. Maginan da ba su taɓa riƙe takardar zane ba sun san da haka. Ko a islamiyya an karantar da mu aya ta 27 a Suratun Nur kan neman izinin shiga gida, da hadisin da ya ce saboda ido aka sanya neman izinin.

Kuma tun da abin ya faru sai sauran abubuwan da nake haɗiyewa suka riƙa dawo mini. Ramin da bututun banɗakin ɗan haya ke haɗuwa kafin ya shiga sokawe, a ɓangarenmu yake, don haka duk ranar da ya toshe sai ƙarti sun ratsa tsakar gidana da sandunansu. Kwanon rufin ya karkato mana, ruwan Agusta duk a bakin kicin ɗina yake zuba. Bai bar wa ɗan haya wurin shanya ba, dole yaron ya riƙa rataye singileti da wanduna a kan katanga, rabinsu na leƙo mu. Ƙofar ce ta rufe mini ido ban tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai bayan sati biyu Injiniya ya zo. In faɗi gaskiya, da ya hau ƙarfen da kansa ya leƙo, ya sauko jikinsa a sanyaye, ya ce, "Hajiya na yi kuskure, ki yi haƙuri." Ya sa aka yanke tsanin aka mayar da shi ɓangarenmu, aka kewaye saman da kwano, aka sa na'urar da ke kunna ruwa da kanta in tankin ya yi ƙasa. Bai karɓi ko sisi ba, amma kuɗin walda da kwano daga aljihuna suka fita. Yaron kuwa kunya ta hana shi zama, shekararsa na cika ya tashi, kuma ban sake samun mai hankalinsa ba.

To, mai son lambarsa zan ba ta, don a ƙofa da taga ban ga kamarsa ba. Amma kafin ki biya, ki sa shi ya nuna miki a takarda inda tanki zai zauna, da inda za a ɗaura dish da sola, da duk wani wurin da namiji zai taka ya ɗaga sama da katanga, sannan ki tambaye shi ta ina mai gyaran famfo zai shiga. Ramin bututun nan har yanzu yana ɓangarenmu, ya ce sai bayan damina za a fasa a karkatar da shi. Kitso kuwa a falo nake yi yanzu, duk zafi, ko da an kewaye tankin na kasa komawa gindin darbejiyar.